YADDA JAMA'A KE KALLON SAUYIN YANAYI A BABBAR KASUWAR KATSINA

Wanda yake son ya san halin da damina take ciki a Jihar Katsina, ba sai ya je gona ba. Ya shiga Babbar Kasuwa ta birnin Katsina, ya nufi wajen 'yan hatsi, ya tambayi kuɗin tiyar gero. In ruwa ya sauka da wuri, shuka ta kama, sai masu ajiya su fara fito da abin da suka ɓoye, farashi ya ɗan sassauta. In kuwa an yi shuka ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, kafin manomi ya gama kallon sama labari ya riga ya iso kasuwa. Mai awo ya ƙara kuɗi. Mai saye ya rage yawan tiyar da zai kai gida.

Wannan kasuwa matattara ce. Akwai mutanen birni, akwai na ƙauyuka kamar na ƙasar Kaita da Rimi da Batagarawa da Jibiya. Akwai baƙi daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ana ciniki ana hira. Daga watan Mayu zuwa Oktoba, hirar ba ta wuce ta ruwa: ina aka yi, ina ba a yi ba, wa ya yi shuka, wa ya sake.

A cikin irin wannan hira akan ji magana guda tana ta dawowa, watau damina ba kamar da take ba. Kusan kowa ya yarda da haka. Inda ake rabuwa shi ne wajen dalili, da kuma wajen sanin wane haɗari ne ya fi kusa. Wannan rabuwa ba ƙaramin abu ba ce, gama abin da mutum ya ɗauka shi ne haɗari, shi yake yi wa shiri.

ABIN DA IDO YA GANI

Manomi ba ya bukatar a gaya masa an sami canji. Dattawa suna da alamomin da suka gada. In shamuwa ta iso, iska ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma, itatuwa suka soma toho, an san ruwan shuka ya kusa. Wasu ma sukan yi binne, su sa iri a busasshiyar ƙasa su jira. Yanzu kukan da ake yi shi ne alamomin suna nan, amma ruwan ba ya cika bin su. Yakan yi kamar ya zauna, a yi shuka, sai ya ɗauke. Shuka ta ƙone, a sake neman iri. Wata shekara kuma ruwan da ya kamata ya zo cikin wata guda sai ya zuba cikin dare biyu.

Makiyayi ma yana da nasa gani. Tafkin da kan kai bazara da ruwa yanzu kafin ƙarshen ɗari ya ƙafe. Matan ƙauye suna ƙara nisa wajen neman itacen girki. Masu sayar da kayan miya a kasuwa sun san tumatir da alayyafo ba su jimre wa rana kamar da. Duk waɗannan shaidu ne na gaskiya. Masana ba su ƙaryata su ba.

SUNAN NE BAƘO

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne wannan canji yana da suna, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganinsa ba. Sunansa sauyin yanayi, wasu su ce canjin yanayi. Akwai wata ƙungiya mai suna Afrobarometer, wadda aikinta shi ne zagayawa ƙasashen Afirka tana tambayar mutane ra'ayinsu. A binciken da ta yi a Nijeriya cikin shekarar 2022, ta tarar kimanin mutum 3 ne kawai cikin 10 suka taɓa jin maganar sauyin yanayi. Sauran 7 ba su taɓa jin sunan ba, alhali suna cikin abin tsundum.

Tun kafin wannan, a shekarar 2010, wani sashe na BBC ya fitar da sakamakon wani bincike da ya yi a ƙasashen Afirka goma, har da Nijeriya. An tarar mutane sun lura yanayi ya canja. Amma galibi sukan danganta abin da ikon Allah, ko da sare itatuwan da ake yi a kusa da su. Kaɗan ne suka san akwai hannun hayaƙin manyan ƙasashe a ciki.

Akwai kuma matsalar harshe. Kalmar yanayi a Hausa tana da faɗi. Ana cewa yanayin sanyi, yanayin zafi, yanayin rayuwa, har yanayin siyasa. Saboda haka in an ce sauyin yanayi a rediyo, wani zai ɗauka ana nufin fita daga ɗari zuwa bazara, abin da ake yi kowace shekara. Ba haka ake nufi ba. Ana nufin canjin da ke ɗaukar shekaru talatin ko hamsin ko fiye, wanda sai an gwada zamanin uba da na ɗa sa'an nan a gan shi sosai.

RA'AYOYIN DA AKE JI

Ra'ayin da ya fi yawa shi ne ruwa na Allah ne, shi ke ba da shi, shi ke hana shi. Wasu sukan ƙara da cewa zunubai ne suka yi yawa: tauye mudu, ɓoye hatsi, hana zakka, cin amana. Shi ya sa in fari ya yi tsanani akan fita bayan gari sallar roƙon ruwa. Babu Musulmin da zai yi jayayya da cewa komai da ikon Allah yake faruwa. Amma malamai sun karantar da cewa Allah yana yin abubuwa da sababi. Wanda ya ƙi shuka ba zai girbe ba. Kowa ya san labarin Annabi Yusufu a ƙasar Masar, yadda aka tara abinci cikin shekarun wadata bakwai domin shekarun fari bakwai masu zuwa. An kuma san hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna, kana ya yi tawakkali. Kuskuren da wasu ke yi shi ne su mai da tawakkali dalilin zama. Wannan kasala ce, ba addini ba.

Ra'ayi na biyu shi ne na masu cewa sare itatuwa ne ya kori ruwa. Waɗannan suna da rabin gaskiya. Itace yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana ba da inuwa, ganyensa yana zama taki. Inda aka share itatuwa, iska takan binne shuka da yashi, ruwa ya zo ya wanke ƙasar ya bar kwazazzabo. Mutane kuma sun ƙaru ƙwarai. Ƙidayar 1991 ta sami mutum miliyan 3 da dubu 750 a Jihar Katsina. Ta 2006 ta sami miliyan 5 da dubu 800. Gona ba ta ƙaru ba, an daina barin saura ta huta, kowane gida kuwa yana bukatar itacen girki. Sai dai gatarin mai saran itace a Kaita bai isa ya ɗumama duniya duka ba. Akwai babban dalili da ya fi ƙarfinsa.

Na uku su ne dattawan da ke cewa ba yau aka fara ba. Su ma ba ƙarya suke yi ba. An yi yunwar Kakalaba a shekarun 1913 da 1914, wadda ta hallaka mutane masu yawa a ƙasar Hausa. An yi babban fari daga 1972 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka kwararo kudu neman abinci. An sake yin wani a 1983 da 1984. Mutanen Nijar suka sa wa yunwar da ta biyo baya suna El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe kan iyaka. Wani Bature mai suna Michael Watts ya zauna a ƙasar Kaita yana binciken tarihin yunwa, ya fitar da littafinsa a 1983. Abin da ya nuna shi ne rashin ruwa shi kaɗai ba ya kawo yunwa. Sai ya haɗu da haraji da bashi da tsadar kasuwa da rumbun da babu komai a ciki.

To, dattawa sun yi gaskiya, fari tsohon baƙo ne. Abin da ya zo sabo shi ne zafin da ya ƙaru a kansa. A da akan yi shekarar fari, a yi ta ruwa, amma zafin duniya yana nan inda yake. Yanzu zafin ne kansa yake hawa, bai kuwa nuna alamar sauka ba.

Akwai kuma 'yan kaɗan masu cewa maganar Turawa ce, sun ƙirƙiro ta don su hana ƙasashen Afirka cin moriyar man fetur ɗinsu. Ƙorafin yana da tushe, gama masu arziki ne suka yi ɓarnar, talakawa ke biya. Amma rashin adalcin bai mai da zafin ƙarya ba. Ma'aunan da ke Katsina da Kano da Maraɗi abu ɗaya suke nunawa da na Ingila da Amurka.

ME MASANA SUKA GANO?

Bayanin ba shi da wuya. Rana tana aiko da zafi zuwa ƙasa. Wani sashe na zafin yana komawa sama ya fice. A cikin iskar da ta kewaye duniya akwai wani nau'i da ake kira iskar kabon, wadda take tsare zafi kamar yadda bargo ke tsare ɗumin jiki. Da ma can tana nan, kuma tana da amfani, don ba domin ita ba da sanyi ya hana rayuwa. Matsalar ita ce ta yi yawa. Tun da aka fara manyan masana'antu a Turai shekaru sama da 200 da suka wuce, ake ƙona kwal da man fetur da gas dare da rana. Hayaƙinsu yana ƙara wa bargon kauri. Kafin zamanin masana'antu, in an raba iska kashi miliyan ɗaya, kashi 280 ne iskar kabon. Yanzu ta haura kashi 420.

Sakamakon haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin zafi, in aka gwada da shekarun 1850 zuwa 1900. A shekarar 2024 ƙarin ya kai wajen digiri ɗaya da rabi, ba a kuwa taɓa auna shekara mai zafinta ba kafin nan. Wani zai ce digiri ɗaya ai ba komai ba ne. Ya tuna da jikin mutum. Lafiyayye zafin jikinsa digiri 37 ne. In ya kai 38 da rabi, zazzaɓi ne, sai kwanciya.

Afirka duka, da yawan mutanenta, hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Ƙasar Sin da Amurka da Turai da Indiya su ne kan gaba. A 2015 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Faris na Faransa cewa za su rage hayaƙin. Nijeriya tana ciki. A watan Nuwamba na 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa.

ANA TSORON FARI, RUWA YANA ƁARNA

A nan ne tunanin jama'a ya fi bukatar gyara. In aka tambayi manomi abin da ya fi tsoro, zai ce fari. Yana da hujja. Ƙasar Katsina ta arewa ruwanta kaɗan ne, wajen milimita 600 a shekara, yayin da ƙasar Funtuwa ke samun wajen 1,000. Wanda ya ga 1973 ko 1984 da idonsa ba zai manta ba, 'ya'yansa ma sun ji labari. Shi ya sa da yawa suke ɗauka sauyin yanayi ma'anarsa kullum ruwa zai yi ta raguwa har hamada ta cinye ƙasar.

Abin da aka auna ya ɗan bambanta da haka. Gaskiya ne ruwan wannan yanki ya ragu ƙwarai a shekarun 1970 da 1980. Amma daga shekarun 1990 ya fara dawowa. Sai dai ya dawo da sabon hali. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi: kowane digiri ɗaya da aka ƙara, takan iya ɗaukar ƙarin kashi 7 cikin 100. In ta tashi saukewa, sai ta sauke da yawa lokaci guda. Wani bincike da masana suka fitar a 2017, bayan sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa mai ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ke nan ana iya samun ruwa mai yawa a lissafin shekara, amma ya zo cikin kwanaki kaɗan, da dogon fari a tsakani. Irin wannan ruwa ba ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, ya tafi da taki da shuka da katanga.

Mutanen Jibiya sun gani. A daren 15 ga Yuli na 2018 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin gari ya waye ruwa ya ci ɗaruruwan gidaje, mutum fiye da 40 suka rasu, ban da dabbobi da dukiya. Jibiya kuwa ba ta kai tafiyar awa guda daga Babbar Kasuwa ba. A ƙasa baki ɗaya, ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363. Ta 2022 ta kashe fiye da 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Jamhuriyar Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wuya, tsohon masallacin birnin Damagaram ma ya rushe. A watan Satumba na wannan shekara madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. A watan Mayu na 2025 sai ga ta Mokwa a Jihar Neja, inda mutum fiye da 150 suka rasu.

Duk da haka, mutane ba su cika sa ambaliya cikin abin tsoro ba sai ta zo. Bahaushe yana kiran ruwa rahama, yana jin nauyin ya yi kuka da shi. Ana ci gaba da gini a kan hanyar ruwa, domin filin ya fi araha. Ana zuba shara da leda a magudana. Wani ya ce kakansa ya zauna a bakin wannan rafi shekara sittin ruwa bai taɓa shi ba. Ruwan zamanin kaka daban, na yanzu daban. Ba hadari kaɗai ke kawo ambaliya ba. Toshe kwata da gini a kwari aikin hannun mutane ne, kuma shi ne ɓangaren da mai unguwa da jama'arsa za su iya gyarawa tun kafin damina.

ZAFIN DA BA A ƘIRGA SHI

Akwai haɗari na uku da kusan ba wanda ke ambata, watau zafin kansa. Mutumin Katsina ya saba da rana. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ana ta harka. In wani ya yi kuka akan ce masa rago. Saboda haka in tsoho ko jariri ya rasu cikin tsananin zafi, sai a ce zazzaɓi ne, ko hawan jini, ko tsufa. Ba a rubuta zafi.

A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024, ana cikin azumi, aka yi wani zafi da ya mamaye Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya. A garin Kayes na Mali an auna digiri 48 da rabi ranar 3 ga Afrilu. Asibitocin birnin Bamako suka ga mace-mace fiye da yadda suka saba, galibi tsofaffi. Masanan da suka bincika daga baya suka ce ba don sauyin yanayi ba da zafin bai kai haka ba.

Waɗanda abin ya fi shafa suna nan cikin kasuwa: 'yan dako, masu tura baro, 'yan garuwa, masu kasa kaya a rana, da masu zama a rumfar kwano. Alamun da za a lura da su su ne jiri, ciwon kai mai tsanani, da fitsari kaɗan mai duhu. In mutum ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai ya daina gumi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Zafi yana cin amfanin gona ma. Yana busar da ƙasa da sauri, ruwan da a da zai riƙe shuka kwana goma yanzu ba ya kai haka.

WANDA GEMUNSA KE CIN WUTA

Me ya sa jama'a ba su ɗauki maganar da zafi ba? Ba don rashin hankali ba ne. Akwai abin da ya fi kusa. Manomin Batsari ko Safana ko Ƙanƙara ko Faskari da 'yan bindiga suka hana zuwa gonarsa, ba zai zauna yana lissafin zafin shekara talatin masu zuwa ba. Magidancin da ya shigo kasuwa da kuɗin tiya uku ya tarar ba su isa biyu ba, abincin yau yake tunani. Ɗan'adam haka yake ko'ina: abin da ke zuwa da gudu shi ake tsoro, wanda ke zuwa da rarrafe akan saba da shi.

Wasu kuma sun wuce gona da iri ta wani gefen, kome ya faru sai su ce sauyin yanayi. Wannan ma kuskure ne. Tsadar da aka gani bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 daga kuɗin mota da na taki ta fi fitowa. Rufe kan iyaka da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ya taɓa cinikin Jibiya da Mai'aduwa da Katsina, ba ruwan hadari a ciki. Tsutsar da ta cinye tumatir a 2016, da wadda ta fara cin masara a wannan shekara, baƙi ne daga nahiyar Amurka. In aka ɗora wa yanayi laifin kowa, masu laifin sun sami mafaka ke nan.

Gaskiyar ita ce sauyin yanayi yana zuwa ne a kan matsalolin da ake da su, ya ƙara musu nauyi. Gona ta ragu, makiyaya da burtali sun ragu, sai ga ruwa ba tabbas. Gidan da ke da rumbu da 'yan awaki zai iya jure shekara guda marar kyau. Gidan da ya ci bashi ya yi shuka, ya kuma sayar da hatsinsa da kaka da araha, shi ne zai dawo Babbar Kasuwa cikin marka ya saya da tsada.

HASASHEN RUWA

Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai kula da yanayi, ana kiranta NiMet. A farkon kowace shekara, tun kafin damina, takan fitar da hasashe: lokacin da ruwa zai zauna a kowace jiha da ƙaramar hukuma, lokacin da zai ɗauke, da inda ake tsammanin fari a tsakiyar damina. Ana fassara shi da Hausa. Wata hukumar kuma mai suna NIHSA takan fitar da sunayen wuraren da ake tsoron ambaliya.

Mutane da yawa ba su yarda da hasashen ba. Wasu suna ganin shiga gaibu ne. Ba haka ba ne. Aikin awo ne, na iska da danshi da zafin teku, kamar yadda dattijo ke duban gabas ya ce a kwashe shanya. Wasu kuma sun ce an taɓa faɗa bai faru ba. Gaskiya ne hasashe yakan kuskure, domin kirdado ne ba alkawari ba. Ana iya yin ruwa a Ƙofar Ƙaura ba a yi a Ƙofar Sauri ba. Amma wanda aka gaya wa ruwa ba zai zauna ba sai ƙarshen Yuni, in ya ga yayyafin farko a watan Mayu zai yi tunani kafin ya zuba irinsa duka.

Irin ma akwai zaɓi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin masara da dawa da wake masu nuna da wuri. Akwai geron da ake kira Sosat, wanda ke nuna cikin wajen kwana 90. Malaman gona na hukumar KTARDA su ne waɗanda ya kamata a tambaya wane iri ya dace da ƙasar kowane yanki, gama abin da ya yi kyau a Bakori ba lalle ya yi a Mashi ba.

ABIN DA MARAƊI TA YI

Gwamnati ta daɗe tana dashen itatuwa a Katsina. Daga 1987 aka yi wani babban shiri da taimakon ƙasashen Turai, aka dasa layukan itatuwa masu tare iska a arewacin jihar. A 2007 ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Katsina na cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa. Matsalar dashe kowa ya san ta. Ana dasawa da biki, rani ya zo, ba ban ruwa, awaki su ƙarasa sauran.

Manoman jihar Maraɗi sun bi wata hanya. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsiron da ake sharewa a gona lokacin sassabe ba ciyawa ba ne. Toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a ƙone su, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, ya sare sauran, ya gyara waɗanda ya bari, ya tsare su daga dabbobi. Da yake saiwar tsohuwa ce, ba su bukatar ban ruwa. Mutanen can suna kiran wannan sassaben zamani.

Da farko an yi wa masu yi dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Bayan yunwar 1984 sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Bayan shekara ashirin, masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Itatuwan ba baƙi ba ne: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa. Gawo kuwa manomi ya san halinsa. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su zama abincin dabbobi. Irin waɗannan kututture suna nan a gonakin Kaita da Jibiya da Mashi da Daura, kuma lokacin zaɓen reshen da za a bari shi ne lokacin sharar gona, kafin a sa wuta.